Shin Da Gaske Namiji Kyau Yake Bi, Mace Kuma Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni budurwa ce, an sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Kullum ina jin ana cewa namiji da ido yake so, mace da kunne. Namiji kyau yake bi, mace kuɗi. Kuma wai namiji ba ya daɗewa yake gundura da mace. Yayyena mata ma haka suke faɗa mini. Shin ilimin halayyar ɗan Adam ya tabbatar da wannan? Wane bambanci ne ya kamata in sani kafin in tare?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Akwai gaskiya a abin da yayyenki suke faɗa, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne, bambancin da aka fi yayatawa, wato na kyau da kuɗi, shi ne mafi ƙarancin amfani ga wadda aka riga aka sa wa rana. Waɗanda za ki tarar bayan kin tare wasu ne daban, kuma ba a cika gaya wa amare su ba. Amma bari mu fara da na kyau da kuɗin, tunda shi ya fi yawa a bakin mutane.

A 1989 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, David Buss, ya fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutum 10,047 daga al'ummomi 37 a ƙasashe 33, har da Najeriya da Zambiya. An ba kowa jerin siffofi, aka ce ya nuna nauyin kowace a wurin wanda zai aura. A kusan ko'ina maza sun fi mata ba wa kyawun sura maki, mata kuma sun fi maza ba wa halin samu maki, kuma a mafi yawan wuraren sun fi damuwa da himma da ƙwazon nema. A batun shekaru, maza sun so matar da suka girma da shekara biyu da rabi da 'yar ɗoriya, mata sun so mijin da ya girme su da kusan uku da rabi. Mazan Najeriya suna cikin waɗanda suka nemi tazara mafi faɗi, wajen shekara shida da rabi, na Zambiya kuwa har sun haura bakwai. Wannan bai yi nisa da abin da ke faruwa a ƙasa ba: binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna rabin mata sun yi auren fari kafin su cika ashirin, maza kuwa sai sun doshi 28. A 2020 aka sake irin wannan aiki a ƙasashe 45 da mutum sama da 14,000, aka sake samun bambancin. Saboda haka duk wanda ya ce miki babu shi kwata-kwata, bai faɗi daidai ba.

Sai dai masu kawo wannan bincike a wurin hira sukan tsallake rabinsa. Abubuwan da suka zo a saman jerin iri ɗaya ne ga maza da mata: so da shaƙuwa daga ɓangarorin biyu, riƙon amana, natsuwa da hankalin manya, sauƙin hali, kirki da fahimta, kaifin basira. Kyau da kuɗi duk a ƙasan waɗannan suka zo. Akwai ma siffofin da al'ada ta fi jinsi tasiri a kansu nesa ba kusa ba. Kamun kai kafin aure, alal misali, mutanen Sin da Indiya da Iran sun ɗauke shi babban sharaɗi, mazansu da matansu, mutanen Suwidin da Holan kuwa kusan ba su ba shi wani maki ba.

Wani gwaji da Norman Li da abokan aikinsa suka yi a 2002 ya fi fito da yadda abin yake aiki. Sun ba mutane maki ƙayyadadde, suka ce su raba shi a kan siffofin wanda suke so su aura. Da makin ya yi kaɗan, maza suka zuba kaso mai tsoka a kan kyau, mata suka zuba a kan matsayi da abin hannu, dukkansu kuma ba su bar kirki da basira ba. Da aka ƙara musu makin, sai bambancin ya ragu, kowa ya koma neman sauran siffofi. Ma'anar wannan ita ce kyau a wurin namiji, da iya riƙe gida a wurin mace, mataki ne na farko da ake so a haye. Da an haye shi, ƙari a kansa ba ya ƙara wani abu mai yawa. Wanda zai aure ki ya riga ya gan ki, ya turo magabatansa, kin haye wannan matakin tuntuni. Man bilicin da allurar ƙara ƙiba ba za su ƙara miki komai a wurinsa ba, illa su ɓata miki fata da lafiya.

Dalilin wannan bambanci, masana sun rabu biyu a kansa. Wasu sun ce daga halitta ne: mace ke ɗaukar ciki wata tara, ta shayar har kusan shekara biyu, don haka idan zaɓi ya ɓaci ita ta fi kwana ciki, dole ta fi tantancewa. Wasu kuma, irin su Alice Eagly da Wendy Wood, sun sake duba alƙaluman Buss a 1999, suka nuna cewa a ƙasashen da mata suke da nasu abin hannu da faɗa a ji, fifita halin samun miji yana raguwa. A ganina duka biyun suna aiki tare. A ƙasar Hausa sadaki da lefe da muhalli da ci da sha da sutura duk a wuyan namiji suke, a addini da al'ada. Budurwar da ta tambayi sana'ar manemi ba kwaɗayi ta yi ba, lissafin rayuwarta da ta 'ya'yanta take yi. Inda ake kuskure shi ne auna namiji da abin da ya kashe lokacin zance. Kuɗin zance da tsadar lefe ana iya ciwo su bashi. Abin dubawa shi ne ko yana da sana'a tsayayya, ko yana fita nema kullum, ko yana biyan bashi, da yadda yake yi da kuɗi kaɗan idan sun shigo hannunsa.

Duk abin da na kawo zuwa nan, abin da mutane suke faɗa da baki ne. Abin da suke yi idan sun haɗu ido da ido wani abu ne daban. A wani bincike da aka wallafa a 2008, Paul Eastwick da Eli Finkel sun tara ɗalibai 163 a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Kafin haɗuwa suka tambaye su abin da suke so, mazan suka ce kyau, matan suka ce halin samu, kamar yadda aka saba. Sai aka haɗa su hira ta minti huɗu-huɗu, aka kuma bi diddiginsu na tsawon wata guda. Bambancin ya ɓace. Kyau ya ja hankalin matan kamar yadda ya ja na mazan, halin samu kuma ya yi ɗan tasiri iri ɗaya a kan kowa. A 2014 suka tattara bincike 97 wuri ɗaya, sakamakon bai canza ba.

Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin maganar "mace ba ruwanta da kyau" ta cuci mata da yawa. Da ita ake lallashin yarinya ta karɓi wanda ko kallonsa ba ta son yi, a ce so zai zo daga baya. Da ita kuma magidanci yake shigowa gida da warin rana da bakin da bai ga asuwaki ba, yana jiran a tarbe shi da turare da lalle. Addini bai tafi a kan haka ba. Matar Sabitu bin Ƙais ta gaya wa Annabi (SAW) cewa ba ta ga aibin mijinta a hali ko addini ba, amma ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonarsa, aka raba auren. An kuma ruwaito Ibnu Abbas yana cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. Idan zuciyarki ba ta kwanta da ganin mutum ba, wannan magana ce da ya kamata iyaye su ji tun kafin a ɗaura, ba abin kunya ba ce.

Wa ya fi saurin kamuwa? Mafi yawan mutane za su ce mace, amma bincike ya nuna namiji ne. A wani aiki na 2011 da Joshua Ackerman ya jagoranta, maza ne suka fi fara furta kalmar so, kuma sun fara tunanin furta ta wajen mako shida kafin matan. Don haka "ina son ki" a mako na biyu ba lallai ƙarya ba ce, yana iya jin hakan har ransa. Amma ba ta nuna zai tsaya. Abin da ke nuna tsayuwa shi ne abin da yake da tsada a wurinsa: ya bayyana kansa ga iyayenki, ya bari a yi bincike a kansa, ya cika alkawarin lokaci, ya haƙura da abin da kika hana.

Akwai kuma kuskuren karanta fuska, wanda kowane ɓangare yake da nasa. A 1982 Antonia Abbey ta sa namiji da mace su yi hira ta minti biyar, wasu biyu suna kallo a ɓoye. Mazan, da mai hirar da mai kallon, sun fi matan fassara fara'ar macen a matsayin sha'awa. An maimaita wannan sau da yawa, ana samun haka. Mata kuma, kamar yadda Martie Haselton da Buss suka nuna a 2000, sukan raina zurfin niyyar namiji, su ɗauka bai kai yadda yake faɗa ba. A wurinmu kunya tana ƙara dagula lissafin. Yarinya ta sunkuyar da kai ta yi shiru don ba ta so, saurayi ya tafi yana murna wai kunya ce. Ko matar aure ta yi ta jirwaye mai kamar wanka tana jiran miji ya gane, shi kuwa bai ma san ana yi ba. Idan abu yana da muhimmanci, ki faɗe shi da baki, cikin ladabi, a jimla ɗaya da ba ta da harshen damo.

Batun kunne kuwa, ba mace kaɗai ke da shi ba. Ko yawan surutun da ake jingina wa mata bai tabbata ba: a wani bincike da aka wallafa a 2007, Matthias Mehl ya rataya wa ɗalibai 396 a Amurka da Meziko 'yar na'urar ɗaukar sauti, aka ƙiyasta mata suna furta kalma 16,215 a rana, maza 15,669, tazarar da ba ta kai a kira ta bambanci ba. A 2020 kuma Samantha Joel da tawagar masana suka haɗa bayanan ma'aurata da masoya sama da 11,000 daga bincike 43, suna neman abin da ya fi nuna wanda zai ji daɗin zamansa. Abubuwan da suka fito gaba su ne mutum ya gamsu cewa abokin zamansa da gaske yake, ya riƙa ganin ƙimar abokin zaman, gamsuwa a shimfiɗa, ya ga alamar shi ma ɗayan yana jin daɗi, sai kuma yawan rigima. Kasancewar mutum namiji ko mace bai taka wata rawar kirki ba. Namijin da ya dawo da cefane aka karɓa ba sannu ba madalla, yana jin zafin da matar da ta yini a murhu aka ci aka tashi ba a ce komai ba take ji.

Yanzu ga wanda nake so ki fi riƙewa, domin shi ne ya fi kashe aure a hankali ba tare da an lura ba. Idan saɓani ya taso, an fi samun mace tana matsawa a yi magana, namiji yana janyewa. Ta ɗago batu, ya yi shiru. Shirun ya ƙona mata rai, ta ɗaga murya ta haɗo da laifin bara. Ya ɗauki hularsa ya tafi majalisa ko teburin mai shayi, sai dare ya raba. Ita ta fassara fitarsa da cewa bai damu da ita ba, shi ya fassara maganarta da raini da mita. Kowannensu yana ganin martani kawai yake mayarwa, kuma kowannensu yana da gaskiya, domin matsawarta ke ƙara masa gudu, gudunsa ke ƙara mata matsawa.

Andrew Christensen da Christopher Heavey sun auna wannan a 1990. Sun sa ma'aurata su tattauna batu biyu, ɗaya wanda matar ke son a canza, ɗaya wanda mijin ke so. A batun matar, ita ke matsawa shi yana janyewa. A batun mijin sai bambancin ya ɓace, wasu binciken da suka biyo baya ma sun ga abin ya juye. Ashe ba halittar mace ba ce mita. Duk wanda yake neman canji shi ke matsawa, wanda zaman ya yi wa daidai shi ke kaucewa. Mace ta fi yawan zama mai neman canjin ne saboda ita ke yini da matsalar gidan, ruwa, kuɗin makaranta, rashin lafiyar yaro, maganar dangin miji, alhali yanke hukuncin yana hannun mijin.

Amma akwai ɓangaren jiki a ciki. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar hirar ma'aurata a birnin Siyatil na Amurka yana auna bugun zuciyarsu, ya lura cewa idan bugun ya haura kamar 100 a minti ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro da kyau, ba ya iya tauna magana. Ko ya yi faɗa, ko ya rufe bakinsa ya ƙame. A cikin masu ƙamewar nan da ya gani, kusan kashi 85 cikin ɗari maza ne. Sau da yawa namijin da ya yi gum ba rashin damuwa ba ne, cikinsa tafasa yake, yana tsoron abin da zai fito daga bakinsa. Jiki kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka, da sharaɗin ba a zauna ana ta saƙa maganar a zuci ba.

Ga yadda ake karya wannan zagayen. Ki zaɓi lokaci: ba yana shigowa ba, ba yana jin yunwa ba, ba gaban yara ko baƙi ko 'yan'uwansa ba, ba kuma ta saƙon waya yana wurin aiki ba. Ki ɗauki batu ɗaya tak. Ki kula da yadda za ki buɗe maganar, domin Sybil Carrère da Gottman sun bi sababbin ma'aurata 124 na shekara shida, suka ga minti ukun farko na gardama sun isa a yi hasashen waɗanda za su rabu. Ki faɗi abin da ya faru, da yadda kika ji, da abin da kike so a yi. "Kai dai ba ka taɓa damuwa da mu ba" hukunci ne a kan halinsa gaba ɗaya, ba abin da zai yi da shi sai kare kai. "Jiya har ƙarfe sha ɗaya ina jiranka, hankalina ya tashi, don Allah idan za ka yi dare ka riƙa kirana" buƙata ce da zai iya biya gobe. Ki guji "kullum" da "ba ka taɓa". Idan kin ga ya fara ƙamewa, ki dakata, kada ki bi shi ƙofa.

Shi ma yana da nasa aikin, kuma ya kamata ku yi wannan yarjejeniyar tun ana zaman lafiya. Idan zai fita ya huce, ya faɗi lokacin da za a koma kan maganar: "Raina ya ɓaci yanzu, bari in yi sallar isha'i in dawo mu ƙarasa." Sannan ya dawo ɗin. Fita ba tare da ranar dawowa kan batu ba ita ke koya wa mace cewa sai ta yi ihu ake jin ta. Gottman ya kuma gano, a wani bincike na 1998 a kan sababbin ma'aurata 130, cewa auren mazan da suke karɓar shawarar matansu ya fi ɗorewa. Na san tsoron a kira mutum mijin-ta-ce yana hana maza da yawa wannan, amma a Hudaibiyya shawarar Ummu Salama Annabi (SAW) ya bi, ya fita ya yanka hadayarsa ya yi aski, sahabbai suka bi shi. Abin da ya fi komai nuna aure zai mutu a ma'aunin Gottman shi ne raini, kuma wannan ba shi da jinsi: tsaki, harara, gori, kwaikwayon murya, ambaton iyaye a cikin faɗa. Ma'auratan da suka zauna lafiya su ma suna saɓawa, sai dai ko a tsakiyar gardama kalma mai daɗi da sassauci sukan ninka masu zafi kamar sau biyar.

Sai maganar shimfiɗa, wadda kunya ke hana a yi wa amare bayaninta yadda ya kamata. A matsakaici maza sun fi yawan jin sha'awa haka kawai ba tare da wani dalili ba. Roy Baumeister da abokan aikinsa sun tattara hujjojin haka a 2001. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana a 2000 cewa mata da yawa, musamman a zaman aure mai tsawo, sha'awarsu ba ta riga kusanci zuwa, biyo shi take yi: sai an samu natsuwa, da hira, da wasa, sannan ta taso. Rashin sanin wannan yana haifar da zargi iri biyu. Miji ya ga ba ta taɓa nemansa, ya ce ba ta son sa. Mata ta ga ba ya sakin fuska sai dare, ta ce jikinta kawai yake so. Daga nan sai a faɗa wa kayan mata, har da na matsi da ake cusawa, waɗanda ke iya jawo ƙaiƙayi da kumburi da ciwon sanyi. Mafi yawan lokaci abin da ya ɓace lokaci ne da hutu da kyakkyawar mu'amala tun da rana. Idan kuwa akwai zafi, ko bushewa lokacin shayarwa saboda saukar istirojin, wani sinadari na jikin mace, ko rauni a wurin miji wanda ciwon sukari da hawan jini da wasu magunguna ke kawowa, wannan aikin likita ne, ku je tare.

Gundura da kika tambaya, zafin son farko yana sauka a wurin kowa, ba namiji kaɗai ba. Wani bincike na 2019 da James McNulty ya jagoranta, wanda ya bi sababbin ma'aurata a Amurka shekara huɗu da 'yan kai, ya ga sha'awar matan ce ma ta fi sauka, ta mazan ba ta canza sosai ba, haihuwa kuma ta ƙara tazarar. Shekarar haihuwar fari ita ce gwaji mafi tsanani: barci ya ragu, kin tafi wankan gida, hankalinki ya koma kan jariri, shi kuma yana jin an ajiye shi gefe. Ku san da zuwanta tun yanzu, kada ku ɗauka so ne ya ƙare.

Kishi kuma, an ce kumallon mata ne, amma maza ba su tsira ba, salonsa ne ya ɗan bambanta. A 1992 Buss ya tambayi ɗalibai wanne ya fi ciwo, abokin zama ya ci amana da jiki, ko zuciyarsa ta koma wurin wani. Kashi 60 cikin ɗari na maza suka zaɓi na farko, kashi 83 na mata suka zaɓi na biyu. Wasu masana sun soki tambayar, domin idan ba a tilasta wa mutum zaɓar ɗaya ba, kowa cewa yake duka biyun suna da ciwo. Duk da haka akwai darasi a ciki ga Najeriya, ƙasar da binciken 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan aurenta suna da abokiyar zama. Abin da ya fi ƙona uwargida sau da yawa shi ne ɓoye-ɓoye, da jin labari a bakin 'yan unguwa, da ganin hira da dariya da kuɗin cefane sun koma wani ɗaki. Ki tambaye shi ra'ayinsa a kan ƙarin aure tun yanzu, ki ji da kunnenki. A ɗaya ɓangaren, kada ki ɗauki kishin namiji mai tsanani a matsayin alamar so. Wanda tun a waje yake binciken wayarki, yana raba ki da ƙawaye da 'yan'uwa, yana zarginki da kowane namijin da ya gaishe ki, yana yi miki barazana, bayan aure abin ƙaruwa yake yi, kuma irin wannan kishin yana cikin manyan dalilan dukan mata da kashe su a duniya. Wannan magana ce ta kai wa waliyyinki kafin ranar ɗaurin aure.

Duk alƙaluman nan matsakaici ne na dubban mutane, akasarinsu kuma ɗaliban Amurka da Turai. A 2005 Janet Hyde ta duba manyan tattare-tattaren bincike 46 a kan bambancin maza da mata, ta ga kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen ƙanana ne ko kusan babu. Maza sun fi mata tsawo a matsakaici, amma tela ba ya yanka yadi da wannan, sai ya ɗora tef a jikin mai kayan. Akwai namiji mai son a zauna a warware magana nan take, akwai mace mai ƙamewa ta yi kwana uku tana gaba. Akwai matar da ta fi mijinta buƙatar shimfiɗa, kuma lafiyarta ƙalau.

Saboda haka a watannin da suka rage, ki rage tambayar yadda maza suke, ki sa ido a kan wannan ɗin. Ki lura da abin da yake yi idan ransa ya ɓaci: yana magana, yana ɗauke ƙafa, ko yana zagi? Ya taɓa ce miki "na yi kuskure" ba tare da ya haɗa da "amma ke ma" ba? Yaya yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa mata magana, yaya yake yi wa yaron shago da ɗan acaɓa? Ki sa 'yan'uwanki maza su tambayi abokan sana'arsa da maƙwabtansa, ba abokan da yake zuwa zance da su ba. Sannan ku zauna ku yi maganar abubuwan da aka fi rigima a kansu, ɗaya bayan ɗaya: karatunki ko aikinki bayan aure, inda za ku zauna da ko da wa, nawa ne kuɗin cefane kuma kullum ne ko mako-mako, abin da kike samu naki ne ko akwai abin da yake sa rai a ciki, zuwa gidanku sau nawa, tazarar haihuwa. Duk wanda kuka amince a kansa kuma yake da nauyi a wurinki, musamman karatu da aiki, kada ya tsaya a tsakaninku a zaure. Ki sa waliyyinki ya ambata shi a gaban magabatansa kafin a ɗaura, a samu shaidu, in da hali a rubuta.